Kowa Da Maganin Da Ya Karɓe Shi

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitocin karkarar jihar Maraɗi a tsakiyar damina, lokacin da gadaje ke cika har a shimfiɗa tabarmi a baranda, ya saba jin wata magana daga bakin iyaye mata: "Malam, wannan maganin bai karɓe shi ba." Sau da yawa akan ɗauka cewa uwar ce ba ta bayar da maganin a kan ƙa'ida ba, ko kuma ta haɗa wa yaron da jiƙe-jiƙen gida. Wani lokaci haka ɗin ne. To amma ilimin likitanci ya daɗe da tabbatar da cewa a wasu lokutan uwar ce ke da gaskiya. Yara biyu, shekarunsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, cutarsu ɗaya, a ba su ƙwaya ɗaya daga kwali ɗaya, wannan ya tashi ya koma wasa, wancan ya kwana yana amai ko idanunsa su yi shawara. Dalilin na iya kasancewa a cikin ƙwayoyin halittar da kowannensu ya gada daga uwa da uba. A ganinmu lokaci ya yi da hukumomin lafiya na Jamhuriyar Nijar, da takwarorinsu na Katsina da Kano, za su ɗauki wannan magana ta iyaye mata da muhimmancin da ta cancanta.

Abin da ya sa batun ya shafi gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji kai tsaye shi ne, yankin yana cikin wuraren da ake raba wa dubban yara magani iri ɗaya a rana ɗaya. A watan Maris na 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shirin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na lokacin damina, wanda a Nijar aka fi sani da CPS. A 2013 ma'aikatar lafiya da ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, suka ƙaddamar da shi a gundumomi biyar, wato Magariya, Madawa, Buza, Madarumfa da Gidan Rumji, inda yara sama da 200,000 suka amfana, daga baya kuma shirin ya bazu zuwa sauran sassan ƙasar. Tsarin sananne ne ga kowace uwa daga Tibiri zuwa Cadawa: yaro daga wata 3 zuwa wata 59 yana shan magani na kwana uku a kowane wata har damina ta wuce. Ranar farko a ba shi sulfadoksin-firimetamin tare da amodiyakwin a gaban ma'aikaci, sauran kwana biyun uwa ta ba shi amodiyakwin a gida. Ana auna yawan maganin ne da shekarun yaro, domin babu wata hanyar da ta fi wannan sauƙi idan ana son a kai ga kowane ƙauye kafin hanya ta yanke.

Tun kafin mu yi nisa, bari mu faɗi matsayinmu ƙarara, kada wani ya ɗauki rabin zance ya shiga kasuwa da shi. Wannan magani na damina alheri ne, kuma muna kira ga kowane magidanci da ya tabbatar 'ya'yansa sun sha shi har zagaye na ƙarshe. Gwaje-gwajen da aka yi kafin amincewa da shi sun nuna yana hana kusan kashi 75 cikin 100 na kamuwa da zazzaɓin a watannin da ake shan sa. Sa idon da aka yi a 2015 da 2016 a ƙasashe bakwai na yankin Sahel, ciki har da Nijar da Najeriya, ya nuna cewa mummunar illa daga maganin aba ce mai wuyar samu ƙwarai a cikin miliyoyin yaran da suka sha. Zazzaɓin cizon sauro kuwa yana kashe yara a kowace damina, ba sai an faɗa wa mutumin Gazawa wannan ba. Abin da muke cewa shi ne, tsarin da ya iya kai magani ga kowa ya kamata ya iya gane ɗan ƙalilan ɗin da maganin bai karɓa ba, ya kula da su, ya kuma rubuta abin da ya gani.

Yaya abin yake faruwa? Idan mutum ya sha magani, jiki ba ya barin sa yadda ya shigo. Hanta tana da sinadarai da ke sarrafa shi, wani ta narkar da shi ta fitar, wani kuma sai ta juya shi tukuna kafin ya fara aiki. Umarnin yadda za a ƙera waɗannan sinadarai yana rubuce a ƙwayoyin gado, kamar yadda tsawo da launin fata suke. A misalta da injin niƙa: na wani gida yana gudu, na wani yana jan ƙafa, kuma hatsi iri ɗaya aka zuba. Wanda hantarsa ke jan ƙafa, maganin kan taru a jininsa har ya yi masa yawa alhali ma'auni ɗaya aka ba shi da kowa. Wanda tasa ke gudu, maganin kan fice kafin ya gama aikinsa. Amodiyakwin ɗin da yaranmu ke sha, wani sinadari mai suna CYP2C8 ne ke sarrafa shi, kuma akwai wani nau'insa mai sanyin aiki da ya fi yawa a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan marasa lafiya a Burkina Faso ya gano cewa masu wannan nau'i sun warke kamar kowa, sai dai sun fi kukan ciwon ciki. Ashe uwar da ta ce ɗanta na fama da ciki bayan shan magani, alhali ɗan maƙwabciyarta lafiya lau, mai yiwuwa ba ƙorafin banza take yi ba. Idan aka yi mata bayani aka kuma duba yaron, za ta dawo a wata mai zuwa. Idan aka kore ta, an yi asarar ta da duk matan da ke jin maganarta a bakin rijiya.

Misalin da ya fi kowanne girma shi ne ƙarancin wani sinadari da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira G6PD. Aikinsa shi ne kare ƙwayoyin jini daga fashewa idan wasu magunguna ko wasu abubuwan ci suka shiga jiki. Mutane kimanin miliyan 400 a duniya ke da wannan ƙaranci, kuma ya fi bayyana ga maza saboda ta wajen uwa ɗa namiji ke gadon sa. Ya yi yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe a cikinsu, domin masana na ganin yana ba da wata 'yar kariya daga tsananin zazzaɓin, kamar yadda ɗauke da rabin gadon sikila ke yi. Wata taswira da aka wallafa a 2012 ta ƙiyasta cewa a Najeriya kusan namiji 1 cikin 6 na da shi, kuma kowa ya san cewa iyakar Jibiya ba ta raba jinin Bakatsinen Katsina da na Bakatsinen Maraɗi ba. Mai wannan ƙaranci lafiyarsa ƙalau, yana noma yana kiwo, yawanci bai ma san yana da shi ba, sai ranar da ya haɗu da maganin da bai dace da shi ba. Sai fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, idanunsa su yi ɗorawa, jini ya zube cikin kwana biyu ko uku. An gano sirrin ne a Amurka a 1956, bayan an lura cewa maganin firimakwin na fasa jinin wasu baƙaƙen fata, alhali abokansu suna sha ba abin da ke samun su.

Afirka ta riga ta biya kuɗin wannan darasi sau ɗaya. A 2003 aka fito da maganin zazzaɓi mai suna Lapdap, mai araha, wanda aka ƙera musamman domin nahiyarmu bayan kulorokwin ya fara gazawa. A watan Fabrairun 2008 kamfanin GlaxoSmithKline ya janye shi daga kasuwa, ya kuma dakatar da wani sabon haɗi da ake gwadawa daga gare shi, saboda an ga yana jawo mummunan ƙarancin jini ga masu ƙarancin G6PD. Shekaru na aiki da ɗimbin kuɗi suka tafi. Amma akwai ɗaya gefen labarin da ya kamata a sani. Da aka zauna aka yi nazari a kan firimakwin, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2012 cewa ɗan ƙaramin ma'auni na sha ɗaya, miligiram 0.25 a kowane kilo na nauyin jiki, wanda ake bayarwa don hana sauro ɗaukar cutar daga majinyaci, ana iya ba da shi ba tare da gwaji ba, kuma binciken da aka yi daga baya a Burkina Faso da Gambiya a kan masu ƙarancin ya goyi bayan haka. Shan sa na tsawon kwana 14 ne ke buƙatar gwaji tukuna. Wato sanin jinin mutane ya kan hana a ba su abin da zai cuce su, ya kan kuma buɗe hanyar amfani da maganin da a da ake tsoron sa.

Wannan ƙaranci ya shiga har ɗakin mai jego. Ƙwallayen kafur da ake sakawa cikin akwatin tufafi don korar kyankyaso na ɗauke da sinadarin naftalin, kuma likitocin yara a Najeriya sun daɗe da alaƙanta shi da shawarar jarirai mai tsanani ga masu ƙarancin G6PD. Haka nan an samu jarirai a ƙasashen Larabawa da jininsu ya fashe bayan an shafe musu jiki da lalle. Shawarar da ta yi tsanani a makon farko na haihuwa tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har ƙarshen rayuwarsa. Ungozoma ko ma'aikaciyar ɗakin haihuwa da ta gaya wa mai jego ta nisanta kayan jariri da kafur, ta kuma garzayo da shi da zarar idonsa ya yi ɗorawa, ta yi aikin da ba ya cin ko dala ɗaya.

Sai kuma batun da ke ci wa kowane uba tuwo a ƙwarya, wato tiramol da kodin. Waɗannan magungunan kashe ciwo ba sa yin cikakken aiki sai wani sinadarin hanta mai suna CYP2D6 ya juya su. Kodin, alal misali, mofin yake komawa. Wasu mutane sun gaji nau'in da ke juya su da gudu fiye da kima, ta yadda ma'aunin da bai taɓa abokinsu ba zai iya danne musu numfashi. A Habasha an samu kusan mutum 3 cikin 10 da wannan hali. Wasu kuma nasu mai sanyi ne, irin nau'in da masanin Zimbabuwe Collen Masimirembwa da abokan aikinsa suka bayyana a 1996, wanda ya yawaita a Afirka kudu da Sahara. Irin waɗannan sukan sha su ji kamar ba su sha ba, sai su ƙara. Saboda haɗarin danne numfashi ne Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol a 2017, Najeriya kuma ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda matasa suka mayar da shi abin maye. To a dubi matashin da ke shirin shiga gona ko hawa kabu-kabu, ya tsaya wajen mai tallan magani a kan tire a ranar kasuwa, ya sayi ƙwaya mai miligiram 225, alhali wadda likita ke rubutawa 50 ce ko 100, dalilinsa kawai shi ne abokinsa yana shan biyu bai mutu ba. Hantarsa ba ta abokinsa ba ce, mai tiren kuwa bai san wannan ba, kuma ba shi zai ɗauki gawa ba.

Masu cututtukan da ake daɗewa ana shan magani su ma abin ya shafe su. Maganin efabirenz da aka yi shekaru ana ba masu cuta mai karya garkuwar jiki, an tsayar da ma'auninsa a miligiram 600, daga baya aka gano cewa nau'in sinadarin CYP2B6 mai jan ƙafa ya fi yawa a tsakanin 'yan Afirka, abin da ke sa maganin taruwa ya kawo jiri, munanan mafarkai da ruɗewa, har wasu su bar sha a ɓoye. Bincike ya nuna miligiram 400 ya wadatar, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegirabir a matsayin maganin farko. Isoniyazid na tarin fuka tun shekarun 1950 aka san cewa wasu na narkar da shi a hankali, kuma su ne suka fi fuskantar zugin ƙafafu da taɓuwar hanta, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. A fannin hawan jini kuwa, wani gwaji da Dokta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida kan mutane 728, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. Ba a kai ga wannan sani ba sai da 'yan Afirka suka gwada a jikin 'yan Afirka.

Adalci ne mu ce ba komai ne gado ba. A yankin da ya ga yunwar 2005, kowa ya san cewa yaron da tamowa ta kama jikinsa ba ya karɓar magani kamar na ƙoshasshe. Wani bincike da aka gudanar a Mali da Maraɗi, aka wallafa a 2016, ya gano cewa yara masu tamowa mai tsanani suna samun ƙarancin lumefantirin a jininsu idan aka kwatanta da sauran yara, duk da cewa maganin ya warkar da su. Ita ma ƙwayar cutar tana da nata gadon da ke sauyawa, wanda shi ya kashe kulorokwin. Ga kuma jabun magani, da wanda rana ta dafa a kan tire, da wanda wa'adinsa ya wuce. Saboda haka idan magani ya ƙi aiki, tambayoyin da ma'aikacin lafiya zai yi suna da yawa. Kukanmu shi ne, tambayar jinin majinyaci ba ta cika shiga lissafin ba ko kaɗan.

Laifin bai tsaya a kan ma'aikacin ƙauye ba. Akasarin magungunan da muke sha an gwada su ne, an kuma tsayar da ma'auninsu, a jikin Turawa. Ƙididdigar da aka yi a 2019 ta nuna cewa a manyan binciken ƙwayoyin halitta na duniya, kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka duba Turawa ne, 'yan asalin Afirka kuwa ba su kai kashi 3 ba, alhali babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka bambancin ƙwayoyin gado. Ko a tsakanin maƙwabta akwai bambanci: binciken da aka wallafa a 1996 daga Burkina Faso ya nuna cewa Fulani sun fi maƙwabtansu Mosi jure zazzaɓin cizon sauro, alhali sauro ɗaya ke cizon su. Don haka sakamakon da aka samu a Habasha ko Zimbabuwe ba zai zama hujja a Gangara ko Cadakori ba sai an auna. Kuma kada wani ya mayar da wannan makamin ƙabilanci, domin ƙabila ba ta gaya wa likita jinin mutum. A ɗaki ɗaya, ciki ɗaya, ana samun wa da ƙane da suka bambanta. Su kuwa Turawan sun yi nisa. A 2023 aka wallafa sakamakon wani gwaji a ƙasashen Turai bakwai kan mutane kusan 7,000, inda aka duba ƙwayoyin gado 12 kafin rubuta magani, sai illolin magani masu tsanani suka ragu da kashi 30 cikin 100.

Mun san abin da wasu za su ce: ƙaramin asibitin da ba shi da wutar lantarki, wanda wani lokaci ko farasitamol kan yanke masa, ina shi ina binciken ƙwayoyin halitta? Maganar tana da nauyi, kuma ba mu ce a ɗauki kuɗin gidan sauro a sayi na'urorin Turai ba. Amma ba dukkan aikin ne ke buƙatar na'ura mai tsada ba. A watan Disamban 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar farko ta gwajin G6PD, 'yar ƙarama mai aiki da batir, wadda ke ba da sakamako cikin 'yan mintoci daga ɗigon jinin yatsa. Gado kuwa ba ya sauyawa, don haka gwajin da aka yi daidai yana yi wa mutum amfani har tsufansa. Sannan jama'armu ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Cutar amosanin jini ta riga ta koya wa iyalai da dama ma'anar AA da AS da SS. Nijar na da cibiyar ƙasa ta masu wannan cuta a Yamai, jihar Kano kuma ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Wanda ya fahimci cewa jini na da ruwa da tsaki a zaɓen miji ko mata, ba zai yi masa wuya ya fahimci cewa yana da shi a zaɓen magani ba.

Akwai kuma tarnaƙin da ya fi kuɗi wuyar warwarewa, shi ne yarda. Mutanen ƙasar Hausa ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a tsakiyar annobar sanƙarau, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, inda 11 suka rasu, aka kuma yi ta shari'a kan ko iyaye sun san abin da ake yi, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abubuwan da suka rura ƙin allurar shan-inna a 2003, cutar ta tsallaka ƙasashe maƙwabta har da Nijar. Duk wanda zai zo ɗibar jinin jama'a da sunan bincike dole ya san da wannan. Sai dai Maraɗi ta nuna cewa ana iya yin abin a kan daidai: a Madarumfa aka gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi a kan jarirai kimanin 3,500, aka wallafa sakamakon a 2017, yau kuma yaran ƙasashe da dama na amfana da shi. Yankin da ya ba duniya wannan ya cancanci a yi binciken da zai amfane shi shi ma.

Bisa ga wannan, muna kira ga ma'aikatar lafiya ta Nijar da hukumomin lafiya na jihar Maraɗi da su ɗauki waɗannan matakai.

Na farko, a mayar da rubuta illar magani wajibi. Duk yaron da ya yi amai mai tsanani, ko ƙuraje, ko shawara, ko baƙin fitsari bayan shan magani, a rubuta sunan maganin a katin asibitinsa da manyan baƙaƙe, a kuma aika rahoto zuwa gunduma. Masu rabon maganin damina su riƙa tambaya kafin su bayar, kamar yadda ƙa'idar shirin ta tanada: ko yaron ya taɓa samun matsala da magani mai sulfa, ko yana shan kotirimoksazol, ko ba shi da lafiya a ranar.

Na biyu, a samar da gwajin G6PD a asibitocin gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, a fara da jariran da suka yi shawara, da masu amosanin jini, da duk wanda aka taɓa ƙara wa jini ba tare da an san dalili ba. Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. A sanya wannan gwaji cikin abin da kyautar ta ƙunsa, a kuma biya asibitoci kuɗinsu a kan lokaci.

Na uku, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai su haɗa kai da jami'o'in Kano, Zariya da Sakkwato su auna yawan waɗannan nau'o'i a tsakanin jama'armu, su wallafa sakamakon har da harshen Hausa. Saɓanin siyasa tsakanin gwamnatoci bai kamata ya hana likitoci musayar sani ba, tunda majinyatan da ke tsallaka iyaka neman magani su ɗaya ne.

Na huɗu, duk binciken da zai ɗibi jini a yi shi da sanin sarakuna, limamai da iyaye, a yi bayani da harshen da mutum ke ji, a faɗi inda za a kai jinin da wanda zai riƙe shi, a mayar wa kowa sakamakonsa a asirce. Kada sakamakon gwaji ya zama abin gori ko dalilin fasa aure, domin ƙarancin G6PD ba ya hana aure, ba ya hana aiki.

Na biyar, a tsaya tsayin daka kan masu tallan magani a kasuwanni da tashoshin mota, amma a sani cewa kora kaɗai ba ta wadatarwa muddin kantin maganin asibiti babu kaya a ciki.

Ga iyaye kuma, nasiharmu gajera ce. Kada a raba ragowar maganin wani ga wani. Kada a daina maganin da likita ya rubuta ba tare da an koma an gaya masa ba. Idan fitsarin yaro ya yi duhu ko idonsa ya yi ɗorawa bayan shan magani, a garzaya asibiti a ranar, a tafi da kwalin maganin a hannu. Idan an taɓa gaya muku cewa wani magani bai karɓi ɗanku ba, ku riƙe sunansa kamar yadda kuka riƙe ranar sunan yaron, ku faɗa wa duk ma'aikacin da zai duba shi, ku kuma sanar da dangin uwa, domin ana iya samun irinsa a cikinsu.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sauro zai dawo da ruwan farko kamar yadda ya saba, masu rabon magani za su sake zagaya gida-gida daga Saye Sabuwa zuwa Gazawa, kuma a cikin dubban iyayen da za su miƙo 'ya'yansu, za a samu wadda za ta ce maganin bai karɓi nata ba. Muna fatan a wannan karo za a samu wanda zai saurare ta, ya duba yaron, ya ɗauki biro ya rubuta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.